Ba'ana, Lambarka Tana Nan da Fensir

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, uku ga Afrilun 2025, wadda ta yi daidai da biyar ga watan Shawwal, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Ba'ana, mai gyaran kwamfuta da ke gefen Fos Ofis a nan Maiduguri, bayan jinyar ƙoda ta wata biyu. Ya rasu yana da shekara arba'in da uku. An yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidansu da ke Abbaganaram. Wanda ya kira ni shi ne Othniel, maƙwabcin shagonsa mai sayar da batirin sola. Bai iya haɗa maganar ba. Ya ce, "Baba Mikail, Ba'ana fa." Nan na gane, ina riƙe da wayar har ta katse da kanta.

Ni ne Mikail, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da zanen gine-gine a sakandaren fasaha kafin ya yi ritaya. Ba'ana ɗalibina ne. A yadda muka saba gani, shi ya kamata ya rubuta irin wannan takarda a kaina, ba ni a kansa ba. Amma Mai rai da mutuwa ya tsara yadda ya so, mun kuwa karɓa.

Ba'ana, yau kwana ashirin da tafiyarka, kuma da kai zan yi magana, domin akwai abin da ya rage tsakaninmu. A ƙarƙashin teburina akwai kwamfutar da nake ciyar da gidana da ita. A cikinta akwai furosesa, wato wannan ɗan ƙarfen mai faɗin akwatin ashana da kuke ce wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Taka ce, ban kuwa sani ba sai bayan ka rasu. A cikin murfin akwatin ka manna farin salatif na takarda, ka rubuta lamba biyu da fensir: 4.5 da 1.28. Ka yi mini alkawari za ka zo a Afrilu ka gwada su, in sun tsaya ka bi su da biro. Afrilu ta shigo da kwana uku ka tafi. Ka bar ni da ita ni kaɗai, alhali ka fi kowa sanin cewa na riga na kashe irinta ɗaya da hannuna.

Bari in fara daga aji, domin can maganar ta samo asali. Duk wanda ya ratsa ta hannuna ya san dokata: fensir kafin tawada. Ka zana layinka da fensir, ka kawo in duba, in sa hannu, sannan ka bi shi da tawada. In tawadar ta bushe, ka sa kilina ka goge fensirin tas, domin in na ga ko ɗigonsa sai na rage maka maki. Wanda ya yi tawada ban duba ba, a gabansa nake yaga takardar. A shekarar 1998 babu mai gaggawa a ajin nan kamarka. Sau uku na yaga takardarka a zango ɗaya. A na ukun ka tsaya ka ce, "Malam, ai layin daidai yake." Na ce ko daidai yake, ban duba ba. Na kuma bi bayan yatsunka da rula, abin da yanzu in na tuna nake jin kunya. A raina na yanke cewa wannan ba zai taɓa iya aikin hannu ba. Allah ya nuna mini ni ba masanin gaibu ba ne.

Bayan na yi ritaya na koma zana wa mutane taswirar gida a zaurena da ke Limanti. Sai na tarar zamani ya bar ni. Mai gini ba ya son takarda kuma, so yake ya ga gidansa a allon kwamfuta, da fenti da tagogi, a juya masa shi ta gaba da ta baya. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu, na ɗauke ta na nufi Fos Ofis neman wanda zai haɗa mini. Ina shiga wani shago sai wani mai gemu ya miƙe tsaye da sauri har kujerarsa ta faɗi. Ka gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Malam." Ni ban gane ka ba sai da ka nuna mini bayan yatsunka kana dariya. Ka ba ni kujerarka, ka zuba mini ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, daga kularka, kai kuma ka zauna a kan kwali. Tun daga ranar har ka koma ga Allah ban taɓa shiga shagonka kana zaune ka ci gaba da zama ba.

Kai ka koya mini kwamfuta, ina da shekara sittin da ɗoriya, ga taurin kai, ga rashin son a gyara mini. Sau nawa na kira ka don kawai kibiyar nan ta linzamin kwamfuta ta ɓace mini a allo? Ba ka taɓa cewa ka riga ka faɗa mini jiya ba. Sai ka ce, "Malam, haka take yi wa kowa," alhali ni da kai mun san ba haka take yi wa kowa ba.

Mutanen garin nan ba za su manta da kai ba a kwanakin ambaliyar Satumbar bara. Da ruwa ya janye, kowa ya fito da abin da ya rage masa. Ka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar shagonka, ka jera kayan cikin kwamfutocin mutane kamar mai shanya kuɓewa, kana wanke laka da sifirit da buroshin haƙori, kana busar da su a inuwa. Kana hana kowa kunnawa sai ta kwana bakwai. Florence, mai haɗa bidiyon bukukuwa, ta kawo tata da hotunan aure uku a ciki tana kuka. Ka ceto biyu. Na ukun ya gagara, sai ka rufe shago ka raka ta har gidan masu auren, ka yi musu bayani da bakinka don kada su zarge ta da sakaci. Ta ba mu wannan labari a wajen zaman makoki, ta kasa ƙarasawa.

Tawa kwamfutar ta tsira, domin matata Saude ta ɗora ta a kan sif tun ruwan bai kai gwiwa ba. To, bayan ambaliya aiki ya yi mini yawa. Duk wanda katangarsa ta faɗi yana son taswira, kuma jiya yake son ta. Kwamfutar tawa kuwa sai ta yi minti arba'in kafin ta fitar da hoton gida ɗaya, ina zaune ina kallonta, mai gida yana zaune yana kallona. Na zo na same ka a gindin darbejiyar nan na ce ko dai a ƙara mata gudu ko in jefa ta a kogi.

Ranar na fara jin kalmar obakulok. Ka ce kamfani yakan saita wa furosesa gudun da ya san za ta iya ko'ina, amma irin tawa ana iya ƙara mata. Sai dai ƙarin gudu yana neman ƙarin wuta, abin da kuke kira boltej, ƙarin wuta kuma zafi yake haifarwa. Ka ce, "Malam, ba gudun ne ke cinye ta ba, wutar ce da zafin." Ka bayyana mini yadda kake yi. Za ka shiga Bayos, shafin nan da ake saita kwamfuta tun kafin ta gama tashi. Ba ka barin wutar a kan oto, wato ta saita kanta, domin in an bar wa kwamfutar zaɓi takan zuba fiye da buƙata. Sai ka ɗaga gudun taki ɗaya, ka ɗora mata aiki mai nauyi, ka zauna kana kallon zafinta. In ta tsaya, ka ƙara taki ɗaya. In ta faɗi, sannan ne kawai kake ƙara wuta, ita ma 0.01, ba fiye ba. Ka ce ga irin tawa, da irin fankar da ke kanta, ba ka yarda wuta ta wuce 1.35, ba ka yarda zafi ya wuce digiri tamanin da biyar, kuma duk wanda aka fara cimma a cikinsu nan ake tsayawa. Ka ƙara da cewa babu furosesa biyu da suke ɗaya ko da rana ɗaya aka ƙera su, don haka lambar wani ba ta yi wa wani aiki.

Na tambaye ka kwana nawa wannan zai ɗauka. Ka ce mako guda, kuma sai ka gama da kayan masu ambaliya, in ba ka kwana goma. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi yaran zamani sun cika jan rai, lamba biyu ce fa za a rubuta.

Ban jira ba. Na buɗe wayata na samo wani Bature yana nuna yadda ake yi. Ya sa wuta 1.45, gudun tasa ya kai giga biyar, yana ta murmushi. Na kwafi lambarsa yadda malalacin ɗalibi ke kwafa a jarrabawa, har da inda ya sa ɗigo. Ban lura cewa mutumin nan yana sanye da rigar sanyi a cikin ɗakinsa ba. Ban lura da bututun ruwan da ke sanyaya tasa ba. Ni kuwa ina zaure mai rufin kwano a Limanti, cikin zafin Oktoba, da 'yar fankar da ta zo da kwamfutar. Gaskiya ta yi gudu, minti arba'in ya koma talatin da biyu. Har a majalisarmu ta bayan la'asar na yi alfahari, na ce abin da Ba'ana ya ce sai mako guda na yi shi kafin shayina ya huce.

Mako uku ta yi tana mini biyayya. Daga nan allon ya fara komawa shuɗi ana tsakiyar aiki. Da na tuna ka ce in ta faɗi ana ƙara wuta, sai na ɗauki wannan rabin maganar na watsar da sauran. Na sa 1.48, ta yi kwana huɗu. Na sa 1.50, ta yi kwana biyu. Ranar wata Talata, ina tsakiyar zanen rumbun shinkafar Alhaji Nuraddeen na Zabarmari, ta ƙi tsayawa ko minti biyar. Na mayar da gudun yadda kamfani ya saita, duk da haka ta ƙi. Na riga na cinye ta.

Na ɗauke ta a Keke Napep na kawo maka. Ka tambaye ni cikin ladabi, "Malam, an taɓa Bayos?" Na dube ka ido cikin ido na ce a'a, wataƙila wutar NEPA ce. Wutar da na ƙara a Bayos kuwa na manta ban mayar ba. Ka kunna, ka shiga shafin, ga 1.50 nan ɓaro-ɓaro a gabanmu. Othniel yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙe. Na ga lokacin da ka gyara tsayuwa ka kare allon da bayanka don kada ya gani. Ka ce, "Wutar ce ta yi mata yawa, Malam." Ba ka ce wa ya ƙara ba. Ba ka sake tayar da maganar ba har abada. Da zagina ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ka ce in bar ta kwana biyu. Da na dawo ka ce ka sa mini wata furosesa da ke kwance a shago babu mai nema. Na yarda, domin yarda ta fi mini daɗi a lokacin. Sannan a farkon Disamba ka yi ta zuwa gidana a kan kekenka, kullum bayan azahar, kwana bakwai a jere. Ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da fanka ka shafa sabo. Ka ƙi taɓa madannai, ka ce ni zan shigar da kowace lamba da hannuna. Muka tashi daga gudun giga 4.2, muka je 4.3, muka je 4.4. Kowane taki sai mun zauna awa guda muna kallon lambar zafi tana hawa tana sauka, Saude tana aiko mana da shayi, kana ba ni labarin 'yan ajinku, wa ya zama injiniya, wa ya koma noma, wa ya riga mu gidan gaskiya. A 4.5 da wuta 1.27 ta faɗi bayan minti ashirin. Muka sa 1.28, ta tsaya awa uku, zafinta saba'in da shida.

Na ce ai da sauran wuri, tunda tamanin da biyar ka ce, mu ci gaba. Ka girgiza kai ka ce wannan Disamba ce, kowace kwamfuta jaruma ce a Disamba. Ka yanko salatif ka manna a cikin murfin, ka zaro guntun fensir daga bayan kunnenka ka rubuta lambobin. Na ce, don Allah Ba'ana, biro ne babu a gidan nan? Ka yi dariya ka ce, "Malam, ai ba a duba ba tukuna. Afrilu ce mai dubawa. In ta sa hannu sai mu yi tawada." Sannan ka ce a ajina ka koyo, kuma duk kwamfutar da ka taɓa ƙara wa gudu a garin nan haka ka yi mata. Na tashi na shiga cikin gida kamar mai neman wani abu, na daɗe kafin na fito.

Ashe abin da ya sa kenan kowace Afrilu ake ganinka a kan keke da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa. Gida-gida, ofis-ofis kake bi, duk inda ka bar lamba da fensir, ka zauna a ɗakin a lokacin da ya fi zafi ka sake gwadawa. Wadda ta tsaya ka bi ta da biro, wadda ta gaza ka rage mata. Babu wanda ya sa ka, da yawansu ma sun manta da salatif ɗin. Othniel ya ce ya sha yi maka tsiya a kan wannan yawo, kai kuma ka ce masa lambar da ba ta ga Afrilun Maiduguri ba zato ce kawai.

A Fabrairu ciwo ya kwantar da kai. Na je duba ka a asibiti cikin azumi, kuma Allah ya sani na fito daga gida da niyyar in ce maka na yi maka ƙarya ranar nan, ka yafe mini. Na tarar ƙafafunka sun kumbura, muryarka ta yi ƙasa. Ka yi yunƙurin tashi zaune, na hana ka. Kafin in buɗe baki ka ce, "Malam, nawa zafinta yanzu?" Na ce tamanin. Ka ce, "Ta fara jin bazara. Kada ka ƙara mata komai sai na zo." Na ce to. Maganar da na zo da ita kuwa ban faɗa ba. Girman kai ne, ba wani abu ba, na malamin da bai saba ba ɗalibi haƙuri ba. Na ce a raina in ka fito zan faɗa. Ganina da kai na ƙarshe kenan.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in yi wa mahaifiyarka Ya Kellu gaisuwa. Matarka Mu'mina tana gefenta. Da ta ji sunana sai ta ce, "Baba, kai ne malaminsa na zane?" Na ce ni ne. Ta ce, "Akwatin kwamfutarsa na nan a ɗaki tun Nuwamba, babu ƙwaƙwalwa a ciki. Na tambaye shi, ya ce malaminsa ya fi shi buƙata." Ta faɗa ne don ta faranta mini rai. Ni kuwa ban san yadda na fito daga gidan ba. Wata biyar ina zana gidajen mutane da furosesarka, kai kana lallaɓa aikinka da wata tsohuwar laftof, ban taɓa tambaya ba.

Na yi mako biyu ina aiki da ita a tsorace, da safe kawai. Amma aiki ba ya jiran safiya, kuma na san ba ka zuwa. Ranar Alhamis, sha bakwai ga wata, bayan azahar, ma'aunin da ka rataya mini a bango yana nuna arba'in da ɗaya a cikin zauren, na yi bisimilla na ɗora mata gwajin da ka koya mini. Zafin ya haura tamanin, ya haura tamanin da biyar. Ya kamata in tsayar a nan, ban tsayar ba, ina ta fatan zai sauko. Yana kai tamanin da tara allon ya koma shuɗi. Lambarka ba ta ci Afrilu ba, Ba'ana.

Na shiga Bayos. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna kan wutar ya fara zuwa. Ga taswira huɗu suna jirana, ga mutane suna kwana a gidajen 'yan'uwa tun Satumba suna jiran a fara musu gini. Zuciyata ta ce 0.02 ne kawai, ai ba ka kai 1.35 ɗin da ya faɗa ba. Har na goge takwas ɗin. Sai na tuna ƙarshen maganarka, rabin nan da na watsar a wancan karo: duk wanda aka fara cimma, nan ake tsayawa. Zafi ya riga ya wuce iyaka, ƙarin wuta kuwa zafi zai ƙara. Na tuna kuma cewa in na cinye wannan, babu wani shago da za a ce mini akwai wata a kwance. Na zauna na yi kuka, ni kaɗai, a gaban shafin nan mai lambobi.

Da na share fuskata na mayar da gudun 4.3, na sauke wutar zuwa 1.25. Na gwada ta ranar, na sake gwadawa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, da Asabar, da Lahadi, kullum a tsakiyar zafi, awa uku-uku. Ba ta faɗi ba, zafinta bai wuce tamanin da ɗaya ba. Hoton gida yanzu minti talatin da bakwai yake ɗauka. In mai gida ya ƙosa, sai in zuba masa shayi in ce ya yi haƙuri.

Othniel ya ce a saninsa akwai kwamfutoci goma sha ɗaya a garin nan da ka bari da fensir a bana. Ni ba gwani ba ne, kuma kun ji irin ɓarnar da na yi. Amma duk wanda ya buɗe murfin tasa ya ga wannan salatif, ina roƙonsa kada ya ƙara mata wuta don ya ga tana faɗuwa a wannan zafi. Ya rage mata gudu. In bai iya ba, ya neme ni a Limanti, in zo mu zauna mu gwada tare, taki ɗaya-ɗaya, yadda Ba'ana ya koya mini.

Yanzu ga abin da na kasa faɗa a asibiti, zan faɗa a gaban duk wanda ya karanta wannan. Ba'ana, ni na taɓa Bayos. Ni na sa 1.50. Na yi maka ƙarya, ka rufa mini asiri da bayanka, sannan ka cire taka ka ba ni. Na roƙi Ya Kellu da Mu'mina su yafe mini a madadinka, sun ce ai tun ranar ka yafe. Na yarda da su, amma da na so in ji daga bakinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Kellu, wadda ta haifi ɗa ta kuma yi masa tarbiyyar da mu malamai ba mu isa mu ce mu muka yi ba. Ina yi wa Mu'mina ta'aziyya, da 'ya'yanka Imran da Ammatullahi, da 'yan'uwanka na Abbaganaram, da Othniel wanda har yau yake share ƙofar shagonka kowace safiya tare da tasa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya zama gatan marayun da ka bari, ya shirya su a kan halinka. Kai kuma Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Yadda ka rufa wa wani asiri a duniya, Allah ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi. Ya sanyaya makwancinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Jiya na buɗe murfin. A ƙasan layinka na rubuta 4.3 da 1.25 da biro, tunda Afrilu ta duba ta sa hannu. Da tawadar ta bushe na ɗauko kilina, yadda na tilasta wa ɗalibai shekara talatin da biyar. Na kai ta kan rubutunka, na ga yadda kake lanƙwasa takwas ɗinka tun kana aji, yadda na yi ta faɗa ba ka daina ba. Na mayar da kilinar cikin aljihun tebur. Lambarka tana nan da fensir, Ba'ana, kuma muddin ina raye babu mai goge ta.